Yadda wanda ya rasa gani zai koma tafiya da ƙafarsa: daga ɗaki zuwa bakin kwalta

Kusan duk iyalin da suka tuntuɓe mu a nan Yamai kan mahaifi ko miji ko ɗiya da idonsu ya rufe, tambayarsu ɗaya ce: ina ake samun farar sanda, kuma nawa ce? Tambayar tana da kyau, sai dai ta zo da wuri. Sanda ba ta san hanya ba. Abin da ke kai makaho masallaci ya dawo da shi gida shi ne taswirar da ya gina a kansa, ita kuwa daga bakin gado ake fara gina ta, a kai ƙofar ɗaki, a kai makewayi, sannu a hankali har bakin kwalta. Wanda aka miƙa wa sanda aka tura shi waje tun bai iya tsakar gidansu ba, faɗuwa ɗaya a kwata ta isa ta zaunar da shi shekara guda. Shi ya sa muka jera matakan nan yadda suke bin juna. Da mutum biyu muke magana: wanda ya rasa ganin, da ɗan'uwan da zai tsaya masa. Duk abin da muka faɗa a kan namiji ya shafi mace.

1. A fara da likitan ido

Kafin komai, likita ya duba idon. Yanar ido ana cire ta da aiki gani ya dawo, kuma tsofaffi da yawa suna zaune a duhu a kan abin da ke da magani. Hawan jinin ido ba ya mayar da abin da ya ci, amma maganin ɗigawa yana tsare ɗan abin da ya rage. Babban asibitin ƙasa na Yamai da asibitin Lamorde duk suna da sashen ido. A tambayi likita abu 3: ganin zai dawo ko ba zai dawo ba, akwai sauran gani a wane ido kuma ta wane gefe, sannan haske yana taimakonsa ko yana damunsa. Yawancin waɗanda ake kira makafi suna da ɗan sauran gani, ko da na bambanta haske da duhu ne, kuma wannan ɗan abin jari ne a duk matakan da ke gaba.

Gargaɗi: kada a kai shi wurin masu soka ido da tsinke su tura yanar ciki. Ido da yawa da aikin asibiti zai iya ceto sun mutu ta wannan hanyar.

A kula kuma: wasu da suka rasa gani sukan riƙa ganin mutane ko dabbobi ko zane-zane da babu su, alhali hankalinsu ƙalau. Likitoci sun san wannan, suna kiransa da sunan Charles Bonnet, wanda ya fara bayyana shi a 1760. Ƙwaƙwalwa ce ke cike gurbin abin da ido ya daina kawo mata. Ba hauka ba ne, ba kuma aljanu ba. A faɗa wa likita, a kwantar wa mutumin da hankali, domin mai jin tsoron abin da yake gani ba zai yarda ya taka ƙafa shi kaɗai ba.

2. Ɗakinsa tukuna

A zaɓi wuri ɗaya da ba ya motsi ya zama mafari. Ƙofar ɗaki ta fi dacewa. Ya tsaya ya jingina bayansa da dugadugansa duka biyu da ƙofar, ta haka ya san gabansa sak ne. Wannan jingina ita ce hanyar miƙe alƙibla, kuma zai riƙa amfani da ita har a titi.

Daga nan ya bi bango ta dama da bayan yatsunsa. Hannun ya ɗan yi gaba da jiki, daidai ƙugu, yatsu a ɗan lanƙwashe suna kallon ƙasa, ƙaramin yatsa da na kusa da shi su ne ke shafar bango. Idan ya miƙe yatsu gaba, gefen ƙofa ko ƙusa za su same su. Duk abin da ya taɓa ya faɗi sunansa da bakinsa: gado, taga, akwati, kwabar kaya. Ya zagaya har ya dawo ƙofa, sannan ya sake zagayawa ta hagu. Bayan ya riƙe bango huɗu, sai ya ratsa tsakiya, daga ƙofa zuwa gado, daga gado zuwa taga. A sa wa bangon suna, ko da gabas da yamma ne, ko bangon ƙofa da bangon taga. Wanda ya saba sallah a ɗakin ya riga ya san gabas, sai a ɗora sauran a kai.

Ɗan'uwa ya tsaya kusa, ya yi shiru. Wannan shi ne abu mafi wuya ga iyali. Idan kana cewa "dama, dama, a'a hagu" kowane taku, muryarka yake bi, ba ɗakin yake koyo ba. Minti 15 zuwa 20 sau biyu a rana sun fi awa biyu a jere, domin tafiya da kunne da fata tana gajiyar da kai sosai a farko.

Gargaɗi: daga ranar nan kowane abu yana da mazauninsa. Buta, takalmi, rediyo, carbi, magani. Wanda ya ɗauka ya mayar inda ya gani. Ƙofa kuma ko a rufe ruf ko a buɗe har bango. Ƙofar da aka bari rabi ita ce ke fasa goshi, domin hannu yakan wuce ta gefenta fuska ta same ta.

3. Kare jiki da tsakar gida

Akwai kariya biyu da za a koya kafin a fita ɗaki. Ta sama: ya ɗaga hannu ɗaya daidai kafaɗa, ya lanƙwasa gwiwar hannu ya gitta damtsen a gaban fuska, tafin hannu na kallon waje, tazarar kusan santimita 25 daga fuska. Ta ƙasa: ɗayan hannun ya sauka a gicciye gaban cibiya, tafi na kallon jiki, shi ma ya ɗan yi gaba. Idan abu ya faɗi ƙasa, kada ya sunkuya da ka. Ya tsaya ya saurari inda abin ya tsaya da gangarawa, ya sa kariyar sama, ya durƙusa da baya a miƙe, ya lalubi ƙasa da tafin hannu a da'ira, daga ƙarama zuwa babba.

Tsakar gida ta fi ɗaki haɗari nesa ba kusa ba. A zaga ta da idon mai neman abin da zai kayar da mutum: igiyar shanya da ta sauko daidai wuya, turken tumaki, turmi da taɓarya, bokiti, murhun gawayi, bakin rijiya ko ramin ruwa marar murfi, dokin ƙofar zaure. A ɗaga igiyar shanya ta wuce tsawon kai, a rufe ramuka da murfi mai nauyi, a ware wa murhu kusurwa ɗaya da ba a ratsawa.

Hanyar farko da za a koya ita ce ta makewayi, domin ita ce ke dawo wa mutum da mutuncinsa. Dattijon da sai ya tashi jikansa da tsakar dare ya kai shi bayan gida, zai rage shan ruwa don kunya, a zafin Yamai kuwa wannan ciwo ne na daban. Idan bango ya kai har can, ya bi bango. Idan fili ne, a ɗaura igiya mai ƙarfi daidai ƙugu daga ƙofar ɗaki zuwa makewayi, a yi ƙulli a taku biyu kafin a isa. A cikin makewayin a nuna masa da ƙafa inda ramin yake daga ƙofa, a kafa bulo biyu na taka ƙafa idan babu. Bayan mako kaɗan igiyar za ta zama ba ta da amfani, sai a kwance ta.

Ga mai sauran gani, a shafa farar ƙasa ko farin fenti a gefen ƙofa da bakin matakala, a ba shi ruwa a kofi mai duhu a kan faranti mai haske. Wannan ba ya cin kuɗi, amma yana rage tuntuɓe.

4. Tafiya da ɗan jagora

Yadda aka saba gani a kasuwar Katako ko tashar Wadata, yaro a gaba riƙe da kan sanda, makaho a baya riƙe da gindinta, ita ce hanya mafi rashin tsaro. Tazarar ta yi yawa, sandar ba ta gaya wa na baya lokacin da na gaba ya hau ko ya sauka.

Ga yadda ake yi. Ɗan jagora ya yi sallama ya faɗi ko shi wane ne, sannan ya taɓa bayan hannun makahon da bayan nasa hannun: "Baba, ga hannuna, ku kama." Makahon ya bi hannun ya kama saman gwiwar hannu, babban yatsa a waje, sauran yatsu a ciki, kamar mai riƙe da kofi. Ya tsaya rabin taku a baya, kafaɗarsa tana bayan kafaɗar ɗan jagora. A haka jikin na gaba shi ke ba da labari: ya juya an ji, ya sauka an ji. Idan ɗan jagoran yaro ne ƙarami, a kama wuyan hannunsa ko kafaɗa.

A wurin matsi, kamar tsakanin rumfuna, ɗan jagora ya mai da hannunsa bayansa, makahon ya miƙe nasa hannun ya koma bayansa sak, su wuce ɗaya bayan ɗaya. A bakin matakala ko kwata ya tsaya cak, ya fuskance ta kai tsaye ba a karkace ba, ya ce hawa ne ko sauka, faɗinta kuma taku ɗaya ne ko ya fi. Wajen zama, ya ɗora hannun makahon a kan majinginar kujera ko gefen tabarma, shi zai ƙarasa da kansa.

Gargaɗi: ba a tura makaho a gaba, ba a jan sa da riga, ba a kuma barinsa tsaye a fili babu abin taɓawa. Za ka bar shi, ka kai hannunsa bango ko ginshiƙi, ka ce "Inna, zan je in dawo." Magana da wanda ya riga ya tafi tana cikin abubuwan da suka fi ƙona wa makaho rai.

Muna kuma faɗa ba tare da kwana-kwana ba: kada a cire yaro daga lakwal don ya zama ɗan jagora. Aikin a raba shi tsakanin manya, kuma manufar duk matakan nan ita ce buƙatarsa ta ragu.

5. Zaɓen sanda da abin da za a kashe

Sandar dogarawa ta tsofaffi daban, sandar lalube daban. Ta lalube doguwa ce, siririya, marar nauyi, ba a jingina da ita. Awonta: mutum ya tsaya da takalminsa, sandar ta tashi daga ƙasa ta kai tsakiyar ƙashin ƙirjinsa ko hammata. Ga yawancin manya tsakanin santimita 120 da 140 ke nan. Mai saurin tafiya ya ƙara kaɗan. Gajeriyar sanda ba ta ba mutum lokacin tsayawa, kafin ya gane akwai rami ƙafarsa ta shiga.

Iri biyu ne. Mai naɗewa tana da gaɓa 4 ko 5 da igiyar roba a ciki, tana da daɗin shiga taksi da ajiyewa a masallaci, amma ƙurar hunturu tana cika gaɓoɓin, robar kuma tana sakewa da zafi. Miƙaƙƙiya ta fi ƙarko, ta fi kuma isar da abin da ke ƙasa zuwa hannu, don haka ta fi kyau ga mai koyo.

A fara tambaya a ƙungiyar makafi ta ƙasa, UNAN, da makarantar makafi ta Soly Abdourahamane da ke nan Yamai, domin can ne ake samun waɗanda suka san sanda da masu koyar da ita. Idan ba a samu ba, ana haɗa ta a gari: bututun alminiyam mai kaurin ɗan yatsa, a naɗe mariƙin da robar tayar keke tsawon santimita 20, a sa madaurin hannu, a shafa farin fenti, a manna jan tef mai ƙyalli na masu babur a kusa da ƙasa don direbobi su gan ta da dare. Kada a yarda mai walda ya yi ta da rodin gini, nauyinsa zai kashe wuyan hannu cikin minti 10.

Kuɗin da ke maimaituwa na bakin sandar ne, domin shi ke cinyewa. A nemi na roba mai tauri da santsi, mai ɗan kauri, a sayi biyu tun farko. Robar ƙafar sandar guragu ba ta yi, kama ƙasa take yi, sandar ta tokare mutum a ciki. Sauran kayan kuwa: takalmi rufaffe mai siririn ƙasa da ƙafa za ta ji bambancin yashi da kwalta, da hula mai baki ko malafa.

Gargaɗi ga mai ciwon sukari: ciwon yakan kashe jin ƙafa da na yatsu. Kada ya yi atisaye da silifa ko ƙafa ba takalmi, kuma wani ya duba masa tafin ƙafa kowace yamma.

6. Riƙo da kaɗa sanda

Nan ne ake ɗaukar lokaci, kuma a tsakar gida ko wani fili mai shiru ake yinsa, ba a titi ba.

Riƙo: mariƙin ya kwanta a tafin hannu kamar ana gaisawa da shi, manuniya ta miƙe a jikin sandar tana nuna bakinta, sauran yatsu su naɗe. Hannun ya zo tsakiyar jiki daidai cibiya, ya ɗan yi gaba. Idan hannun ya koma gefen cinya, gefe ɗaya na jiki ya rasa kariya, kuma mutum zai riƙa karkata.

Kaɗawa: wuyan hannu kaɗai ke motsi, gwiwar hannu da kafaɗa suna nan. Bakin sandar ya taɓa ƙasa a dama, ya taɓa a hagu, kowane gefe ya wuce faɗin kafaɗa da kamar yatsu biyu. Tsakanin taɓawa biyun kada ya ɗaga sama da santimita 2 ko 3. Don gwaji, ɗan'uwa ya tsaya a gabansa ya ware ƙafafu daidai wannan faɗin, mai koyo ya riƙa bugun cikin ƙafafun da sandar har hannunsa ya haddace awon.

Haɗawa da taku: lokacin da ƙafar hagu ta taka, sanda tana dama. Lokacin da ƙafar dama ta taka, sanda tana hagu. Dalilin a fili yake, sandar tana duba wurin da ƙafar baya za ta sauka kafin ta sauka. Taku ɗaya, taɓawa ɗaya. Idan ya rikice ya tsaya, ya haɗa ƙafafu, ya share gabansa da sandar sau ɗaya, ya sake farawa. Yawancin mutane sai sun yi kwanaki kafin abin ya zama jiki, kada a gaggauta.

Ƙasar Yamai ba iri ɗaya ba ce, sandar ma dole ta canza. A kan kwalta ko siminti ko dutsen da aka shimfiɗa, ya fi kyau a bar bakin a ƙasa yana gogawa dama da hagu ba tare da ɗagawa ba, domin ta haka ake jin bakin kwata da murfin da ya karye. A cikin yashi mai zurfi na lungunan unguwa gogawa ba ta yiwuwa, bakin nutsewa yake, sai a koma taɓawa mai sauƙi a rage sauri. Idan sanda ta sami wani abu, ya tsaya, ya miƙe ta tsaye a jikin abin, ya bi ta da ɗayan hannun ya gane mene ne, sannan ya share gefen da zai kauce kafin ya taka.

Matakala: wajen hawa ya riƙe sandar a tsaye gabansa, bakinta yana bugun matakin da ke gaba, in ta daina bugu an kai sama. Wajen sauka ya nemi bakin matakin farko da sanda, ya kawo yatsun ƙafa wurin, ya bar bakin sandar yana lilo ƙasa da mataki na gaba, in ta taɓa fili an kai ƙasa.

Gargaɗi: sanda ba ta ganin abin da ya wuce ƙugu. Bakin rumfar kwano, tagar ƙarfe da aka buɗe waje, reshen dogon yaro, bayan babbar mota da aka ajiye, duk tana wucewa ƙarƙashinsu. Bakin hula shi ke fara taɓawa. A wurin da aka san da su a haɗa da kariyar sama.

Kurakuran da suka fi yawa: jan sanda a baya, buga ta da ƙarfi kamar ana korar kaji, kaɗa ta da faɗin da zai harɗe masu wucewa, da sunkuyar da kai. Kai a miƙe yake ji da kyau.

7. Hanya ɗaya, ba gari duka ba

A zaɓi hanya guda wadda yake so da zuciyarsa, gajeriya, ba tsallaka kwalta: masallacin unguwa, shagon kusa, gidan ƴar'uwa. A bi ta a matsayi 3 daban-daban. Da farko da ɗan jagora, yana faɗin abin da ake wucewa. Sannan da sanda, ɗan'uwa yana taku ɗaya a bayan kafaɗarsa. Sannan da sanda, ɗan'uwa yana nesa da taku 10, bakinsa a rufe sai in ga haɗari. Kowane matsayi a maimaita shi har ya gundure shi. A koyi dawowa daban, domin abin da ke dama a tafiya ya koma hagu a dawowa, kuma nan ne mutane da yawa ke ɓata.

Dole ya bambanta alama tabbatacciya da alamar wucin gadi. Tabbatacciya tana nan kullum kuma ba ta da irinta a kusa: turken wutar lantarki da ke kusurwa, inda bangon laka ya koma na siminti, gangaren ƙofar gareji, inda yashi ya ƙare burji ya fara. Ta wucin gadi tana taimako amma ba a dogara da ita: ƙamshin mai ƙosai da safe, ƙarar injin niƙa, muryar yaran makarantar allo, rediyon mai shayi. Ranar da mai ƙosai ba ta fito ba, wanda ya dogara da ita ya wuce kwanarsa. A kowace kwana a sami alama tabbatacciya ɗaya, a faɗe ta da baki a jere kamar karatu: ƙofa, bango a dama, turke, juya hagu, gangare, tabarmin masallaci.

Rana ma jagora ce. Da hantsi in tana dukan fuska gabas ake kallo, da la'asar yamma. Da tsakar rana ba ta da amfani. Kunne kuma yana jin bango: a tafa hannu a gaban gini, a sake tafawa a bakin lungu, mai koyo zai ji sautin ya buɗe. Da atisaye zai riƙa gane bakin lungu daga ƙarar sandarsa kawai. Kiran sallah yana nuna gefen masallaci, amma a unguwa mai masallatai da yawa kamar Bukoki lasifika suna haɗuwa su ruɗa mutum.

Ƙirga taku yana da amfani a ɗan gajeren wuri, kamar daga turke zuwa ƙofa. A doguwar hanya ba ya riƙewa, gaisuwa ɗaya ta isa ta ɓatar da lissafi.

Idan ya ɓata, ya tsaya inda yake kada ya yi ta juyawa. Ya tuna alama ta ƙarshe da ya tabbatar, ya saurari inda ƙarar motoci take, ya ji rana. In zai yi tambaya ya yi ta a tsare: "Malam, masallacin yana damana ne ko haguna?" Mutane da hannu suke nuni su ce "ga shi can", wannan kuwa ba ya amfanar da shi.

Gargaɗi: rawani ko hijabi mai kauri a kan kunne, da iskar hunturu, da ƙarar janareta, duk suna rage ji. Abin sauraron waya kuwa a cire shi gaba ɗaya in ana tafiya.

8. Kwalta da taksi

Ba a zuwa nan sai an iya hanya 2 ko 3 na cikin unguwa ba kuskure. A Nijar motoci dama suke bi, don haka wadda za ta fara iso maka daga hagu take zuwa, bayan tsakiyar titi kuma daga dama. A fara da ƙaramin titi mai shiru. Ya nemi bakin kwalta da sanda, ya daidaita ƙafafunsa biyu da shi, ya riƙe sandar a gicciye gabansa inda za a gan ta, ya saurara har ƙara ta yanke ta ko'ina. In ya fara tafiya ya tafi sak da sauri ɗaya, ba gudu, ba komawa baya. Kowa yana da gefen da yake karkata in ba ya gani, ɗan'uwa ya lura da nasa ya gaya masa.

Keke da amalanke ba su da ƙara, masu babur kuma sukan biyo ta hannun da ba nasu ba. Saboda haka manyan tituna da shataletale da hanyoyin da ke kai wa gadar Kennedy ba wurin gwada jarumta ba ne. Neman a tsallakar da kai a irin wurin nan yana cikin gwaninta. Idan mai taimako ya cafki hannunsa ko sandarsa, ya tsaya ya ce "Na gode ɗan'uwa, bari ni in kama hannunka." Kada ya saki sanda ga kowa.

Taksin Yamai na haɗaka ne, ana faɗa wa direba unguwa ya yarda ko ya wuce, sau da yawa da ka yake amsawa. Ya ce masa ya amsa da baki. Wajen shiga, hannu ɗaya a saman ƙofa, ɗaya a rufin mota, sannan kai ya shiga. Wajen sauka ya tambayi ta wane gefe aka ajiye shi da abin da ke gabansa, ya share ƙasa da sanda kafin ya fitar da ƙafa, domin sau da yawa a bakin kwata ake tsayawa.

9. Kuɗi da waya a aljihu

Takardun sefa tsawonsu yana ƙaruwa da darajarsu, daga ta dala ɗari har ta jika goma, amma tsohuwar takarda ba ta da tabbas a hannu. A naɗe su tun a gida: jika a miƙe, jika biyu ninki ɗaya, jika biyar ninki biyu, jika goma a aljihu daban. Ya fita da canji daidai abin da zai biya. A ƙaramar waya, maɓallin 5 yana da ɗan tudu, daga shi ake gane sauran, a ɗora lambar mutum biyu na gida a kan kiran gaggawa. Babbar waya tana karanta allo da murya, TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone, saƙon murya na WhatsApp kuma ba ya buƙatar rubutu.

10. Ranakun da ba ya so

Za a yi ranar da zai ce a ƙyale shi. Baƙin ciki bayan rasa gani abu ne da ake tsammani, kuma "ka yi haƙuri" kaɗai ba ta isa ba. A ranar a rage atisayen, kada a soke shi: ko zuwa makewayi da kansa ya wadatar. A bar masa aikin da ya saba, mace ta ci gaba da tsince shinkafa da wanke-wanke da rainon jika, namiji a ci gaba da kawo masa shawarar gida. Baƙo ya yi magana da shi kai tsaye, ba ya tambayi na kusa "me zai sha" ba. Abin da ya fi komai tasiri shi ne a haɗa shi da makahon da ya riga ya iya yawo da kansa, domin maganar da ya ƙi ji daga mai ido zai ji ta daga wannan. Wasu suna ƙin farar sanda don kada a ɗauke su mabarata. A fara fita da ita da asuba zuwa masallaci, lokacin da ido bai yi yawa ba.

Gargaɗi: idan ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa makonni, ko ya fara cewa gara ya mutu, a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

Daga Yuni zuwa Satumba kuma hanyar da ya haddace tana canzawa. Ruwa yana cinye gefen lungu, yana buɗe rami inda babu, yana kwanciya a kan kwata ya ɓoye bakinta, maƙwabta su jera buhunan yashi da duwatsu a ƙofar gida. Bayan kowane babban ruwa, ɗan'uwa ya riga shi bin hanyar, sannan su bi ta tare sau ɗaya a matsayi na biyu, yana taku ɗaya a bayan kafaɗarsa, kafin ya koma fita shi kaɗai. Ruwan da ke kwance, ko da sanda ta nuna bai da zurfi a bakinsa, a zagaye shi.